Ciwon Sukari: Kurakuran da Ake Ta Maimaitawa Wajen Motsa Jiki da Shan Maganin Itatuwa

Abin da ke kawo mai ciwon sukari asibiti ranga-ranga ba safai yake zama sabon abu ba. Kurakuran nan dai ne, su ne bara, su ne bana. Abin takaicin kuma, yawancinsu na masu ƙoƙari ne. Mutum ya ji an ce tafiya na sauke sukari, ya ji an ce zogale da hulba da shuwaka suna taimakawa, ya tashi haiƙan, sai ƙoƙarin nasa ya kwantar da shi. Motsa jiki magani ne na gaske, wasu itatuwan ma suna da ɗan tasiri. Sai dai abin da ke iya sauke sukari yana iya zarce da shi ƙasa fiye da kima, wanda ba ya iya komai kuma yana iya ruɗin mutum har ya ajiye maganin da ke riƙe da shi.

Tushen yawancin kurakuran shi ne auna ciwon da yadda jiki yake ji. "Ai ni na samu sauƙi, fitsarin dare ya ragu, ƙishirwa ta tafi." Ƙoda ba ta fara zubar da sukari cikin fitsari sai ya haura wajen 180 a jini, kuma wannan zubarwar ce ke jawo yawan fitsari da ƙishirwa. Ke nan mutum na iya yin shekaru sukarinsa na yawo a 160 zuwa 170, babu fitsarin dare, tururuwa ba ta taruwa inda ya tsuguna, amma idonsa da ƙodarsa da jijiyoyin ƙafarsa suna ci gaba da lalacewa a ɓoye. Lambobin da yawancin manya za su riƙe su ne: kafin karin kumallo 80 zuwa 130, awa biyu bayan cin abinci ƙasa da 180, gwajin HbA1c na wata uku-uku kuma, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin da suka wuce, ƙasa da 7 cikin ɗari. Ƙasa da 70 faɗuwar sukari ce. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ko ƙoda likita kan sassauta musu, masu juna biyu kuma a tsaurara. A lura da ma'aunin da na'ura ke amfani da shi. Wasu na nuna 126, wasu 7.0, takardun asibitocin Nijar kuma sukan rubuta 1,26, alhali duk abu ɗaya ne: mai ƙananan lambobi irin 7.0 a ninka shi sau 18, na Nijar kuma sau 100, sai a samu irin lambobin da ke sama. A wanke hannu da sabulu a busar kafin a soki yatsa, domin danƙon dabino ko mangwaro a fata kaɗai ya isa ya cilla lamba sama. Tsinken awo da ya kwana a cikin mota lokacin bazara, ko wanda wa'adinsa ya wuce, ƙarya zai faɗa.

Kuskuren da ya fi kowanne cin rai shi ne ajiye maganin asibiti saboda an samu na gargajiya, kuma yadda abin ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne. An gano ciwon sukari yana 350. An ɗora mutum kan ƙwayar metformin, wataƙila da ta glibenclamide. Tsoro ya sa ya bar lemon kwalba, ya rage tuwo, ya fara tafiya. Bayan wata biyu ko uku awo ya dawo 110. Dalili shi ne sukari mai yawa da kansa yana gajiyar da pankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jini, idan aka sauke shi sai ta ɗan farfaɗo. A daidai wannan lokacin ne wani ɗan'uwa mai son alheri zai zo da gora cike da jiƙo, ya ce wannan yana tumɓuke ciwon daga tushe, na asibiti kuwa danne shi kawai yake yi. Sai a ajiye ƙwaya, a kama jiƙo. Sati biyu, sati uku, awo bai tashi sosai ba, domin har yanzu ana kiyaye abinci kuma jikin yana cin gajiyar hutun da ya samu. Shi ke nan labari ya bazu a majalisa da gidan biki: wane ya warke. Wata shida bayan haka, da ya rame, ido ya fara hazo, yatsan ƙafa ya yi baƙi, ba wanda zai koma majalisar ya gyara labarin.

Haba jama'a! Sau nawa za a ga wannan kafin a hankalta? Alhaji, wanda ya sayar maka da gorar nan daga bayan mota da lasifika ranar kasuwa, ya tambaye ka nauyinka? Ya duba ƙodarka? Ya san kana shan maganin hawan jini? Mako mai zuwa yana wata kasuwar, kai kuma kana gadon asibiti. Mafi muni shi ne a yi wa yaro ko matashi mai nau'in farko na ciwon, wanda jikinsa ba ya samar da insulin kwata-kwata. Irin wannan idan aka tsayar masa da allura, cikin kwana ɗaya ko biyu jininsa zai cika da guba mai tsami: amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki na ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna, sai suma. Kafin a fara yi wa mutane allurar insulin a Toronto ta Kanada a 1922, yaran da suka kamu da wannan nau'in ba su daɗewa a duniya, alhali itatuwan nan duk suna nan a lokacin, kuma an gwada su. Babu ganye, babu saiwa, babu sassaƙen da ke maye gurbin insulin. Duk wanda ya ce wa uwa ta daina yi wa ɗanta allura ya sha tsimi, ya ɗauki alhakin rai.

Masu nau'i na biyu, waɗanda jikinsu ke samar da insulin amma ba ya isa ko ba ya aiki sosai, kan tambaya, to babu ranar rabuwa da ƙwaya ke nan? Akwai waɗanda ciwon ke lafa musu, amma ta hanyar da aka sani. A wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2017, an sa masu ƙiba da ba su wuce shekara shida da ciwon ba, kuma ba sa allurar insulin, cikin tsarin rage nauyi mai tsanani ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara ɗaya, 46 cikin ɗari sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba, cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, 86 cikin ɗari. Kitsen da ya bar hanta da pankiriyas ne ya yi aikin. Ko a nan ma lafawa ce, idan nauyi ya dawo ciwon kan dawo, kuma da awo ake janye maganin.

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane, wai ɗaci yana kashe zaƙi. Shi ya sa ake ɗirkar darbejiya da maɗaci da garahuni da shuwaka, kuma gwargwadon ɗacin jiƙo gwargwadon yarda da shi. Ɗaci a harshe yake tsayawa, sukarin da ke cikin jini ba ya jin ɗanɗano. Wasu masu ɗacin suna da sinadaran da suka nuna tasiri a kan ɓeraye, amma ba a san adadin da ya dace da mutum ba, kuma tukunyar yau ba ƙarfinta ɗaya da ta gobe ba: ganyen damina daban da na rani, tafasar minti goma daban da ta awa guda. Metformin kansa asalinsa daga wani tsiro ne na Turai da aka daɗe ana jiƙawa, amma sinadarin da ke cikin tsiron yana da guba, sai da aka sarrafa shi, likita Jean Sterne ya gwada shi a kan marasa lafiya a Faris a 1957, aka san miligiram nawa ke amfani. Abin da jiƙo ya rasa ke nan. Kuma duk abin da aka sha, hanta da ƙoda ne za su tace shi. Ƙodar mai ciwon sukari dama tana cikin wahala, sai a ƙara mata haɗin itace bakwai da jar kanwa safe da yamma har wata shida. Duk mai ciwon da ke shan wani haɗi a kai a kai ya yi gwajin ƙoda na jini da na fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda aka riga aka ce ƙodarsa ta taɓu kuwa, ni hukuncina a kansa ɗaya ne: kada ya kusanci jiƙo ko wane iri.

Maganin da aka ɗura a kwalba ko kafso, aka manna masa takarda mai sheƙi, shi ma ba a sakin jiki da shi. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba cewa abin ba ya cutarwa nan take, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jiki, kuma galibi akwai ɗan rubutu a gefe da ke faɗin haka. A ƙasashe da dama hukumomi sun kama magungunan sukari da aka ce na itace ne zalla, aka tarar an niƙa glibenclamide a ciki. Idan garin magani ya sauke maka sukari daga 250 zuwa 80 cikin awa uku, ka yi zargi, domin babu ganyen da aka sani yana da wannan ƙarfin. Kana iya shan ƙwayar asibiti ninki biyu ba ka sani ba.

Ba cewa nake itatuwa ba su da gurbi ba. Hulba tana cikin waɗanda aka fi gwadawa a kan mutane. Yauƙin da ke cikinta yana rage saurin shigar sukari daga hanji zuwa jini, kuma inda aka ga tasiri yawanci daga giram 5 ne zuwa sama a rana. Kuskuren da ake yi da ita biyu ne: a fara da yawa, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya, a watsar, ko a haɗiye ta tare da ƙwayoyi, yauƙin ya rage shigarsu jiki. Abin da nake ba da shawara shi ne cokalin shayi ɗaya, a jiƙa da dare, a sha da ruwan da 'ya'yan kafin abincin rana, tunda yawancin mutane safe da dare suke shan ƙwaya. Idan ciki ya karɓa bayan mako guda a mai da shi biyu. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da wanda gyaɗa ke tayar masa da borin jini, su bar ta. Habbatus sauda ba wanda ke jayayya da falalarta, kuma a wani bincike a Saudiyya a 2010 giram 2 a rana na wata uku ya rage sukari, giram 3 bai ƙara komai a kan haka ba. A kula, waɗanda aka gwada ɗin suna kan magungunansu na asibiti, ƙari aka yi musu da ita. Inda ake ɓata lamarin shi ne a kwaɓa ta da zuma cokali uku. Zuma kusan kashi 80 cikin ɗari sukari ce, cokalin cin abinci ɗaya na ɗauke da wajen giram 17. Mai ciwon sukari ya lissafa ta cikin zaƙin da ya sha, haka ma dabino.

Kirfa tana bukatar a tsaya a kanta. Wadda ta cika kasuwanninmu, mai ɓawo ɗaya kauri da tauri, ja-ja, tana da sinadarin kumarin mai taɓa hanta. Iyakar da hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa ita ce miligiram 0.1 kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Ga mai kilo 60, giram 2 na garin irin wannan kirfar ya kai shi iyaka, wato ko cokalin shayi ɗaya bai cika ba. Amma sai ka ji ana cewa a sha cokali biyu safe da yamma. Ta ƙasar Sri Lanka, wadda za ka ga siraran ɓawo da yawa a naɗe cikin juna, tana murƙushewa da yatsa, kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Ko da ita ɗin, sakamakon gwaje-gwaje ya saɓa wa juna, wasu sun ga ɗan sauƙi wasu ba su ga komai ba.

Zogale a ci shi a matsayin ganye, a miya ko kwaɗo, yana cika ciki ya rage gurbin tuwo, wannan kaɗai riba ce. Amma kwaɗon da aka barbaɗa wa sukari a cikin ƙuli ya tashi daga magani, saiwa da ɓawon itacen kuma a bar su. Shuwaka ma a miya ta fi. Ruwan kuɓewa da aka jiƙa kada a sha shi lokaci ɗaya da metformin, gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana tare shigar maganin. Zoɓo da tsamiya da kunun aya na sayarwa, sukarin da ke ciki ya shafe duk wani amfaninsu.

Ƙa'idata ga mai son gwada wani tsiro ita ce ɗaya bayan ɗaya, kuma da littafi. Mako biyu na farko kada a ƙara komai, a auna kafin karin kumallo da awa biyu bayan abincin dare, kwana uku a mako, a rubuta. Sannan a ƙara abu ɗaya tak, da ma'auni ɗaya, a lokaci ɗaya, ba tare da an canja ƙwaya ko abinci ba, a ci gaba da awo mako huɗu. Idan lambobin ba su motsa ba, a daina ɓarnar kuɗi. Wanda ya fara hulba da kirfa da zogale da tafiya duk rana ɗaya, idan ya samu sauƙi bai san wanda zai gode wa ba, idan cikinsa ya ɓaci bai san wanda zai bari ba.

Kuskure na biyu mai kisa yana wajen motsa jiki. Tsoka idan tana aiki tana zuƙar sukari daga jini ko babu insulin, bayan an gama kuma jiki na ci gaba da jin insulin sosai har kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan shi ne amfanin, shi ne kuma haɗarin ga mai shan glibenclamide, glimepiride ko gliclazide, da mai allurar insulin. Waɗannan ƙwayoyin suna matsa wa pankiriyas ta fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. To dubi abin da dattijo mai himma yake yi: ya idar da sallar asuba, ya haɗiyi ƙwayarsa, ya kora da kofin jiƙon da aka ajiye masa tun dare, ya ɗaura takalmi ya kama hanya cikinsa wayam, wai sai ya dawo zai karya. Abu uku ke nan masu jan sukari ƙasa, babu ko ɗaya mai tallafe shi. Minti arba'in da fita zufa mai sanyi ta keto, hannu na rawa, zuciya na bugu, yunwa kamar ya ci babu, ido na ganin bibbiyu. Sai ya ce gajiya ce, bari ya daure ya ƙarasa. Daga nan magana ta fara harɗewa, ya yi ta faɗa ba dalili, ya zube a bakin titi. Mutane su taru, wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wani ya ce iska ce, a yi ta fifita da hayaƙi, ƙwaƙwalwa kuwa tana can tana mutuwa don rashin abin da ke kan teburin mai shayi taku goma daga wurin.

Wallahi wannan asarar tana da ciwo, domin maganinta ƙwayar sukarin shayi uku ce. A yi addu'a, amma hannu na miƙa sukari. Idan awo ya nuna ƙasa da 70, ko alamun sun bayyana babu na'ura a kusa, a tsaya nan take a sha giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: ƙwayar sukarin shayi uku, ko cokalin cin abinci ɗaya na sukari ko zuma a ruwa, ko kusan rabin ƙaramar kwalbar lemo, ba irin wanda aka rubuta babu sukari ba. A jira minti 15 a sake awo, idan bai haura 70 ba a maimaita. Da ya dawo a ci abinci sosai. Gyaɗa da ƙosai da cakulan ba sa wannan aikin, mai yana jinkirta su. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti a gaya musu sunan maganin da yake sha. Kuma faɗuwar da glibenclamide ya jawo tana dawowa, musamman ga tsoho ko mai raunin ƙoda, tana iya kai kwana guda tana komowa. Don ya farfaɗo ya yi dariya ba a cewa an gama, a kai shi a duba. Mai shan maganin hawan jini ko na zuciya irin atenolol ko propranolol ya ƙara kula, suna ɓoye rawar jiki da bugun zuciya, wani lokaci zufa ce kaɗai za ta gargaɗe shi.

Rigakafin ba wuya. Mai irin waɗannan magunguna ya auna kafin ya fita, idan ƙasa da 100 ne ya ci wani abu tukuna, kamar ayaba ƙarama ko yankan burodi. Sukari a aljihu kullum, ba a jakar da aka bari a gida ba. Mai allura kada ya yi ta a cinya sannan ya kama tafiya ko keke, jinin da ke gudu a wurin zai kwashe insulin da sauri, ya yi a fatar ciki. Ranar da aka yi aikin ƙarfi da yamma, noma ne ko ƙwallo, a auna kafin barci, domin faɗuwar kan biyo dare. Mai shan metformin kaɗai ba safai wannan ke samunsa ba, yana iya tafiyarsa ta asuba.

Ni dai lokacin da na fi so wa kowa shi ne bayan cin abinci. A Jami'ar Otago ta New Zealand an gwada a 2016: tafiyar minti 10 bayan kowane abinci ta fi ta minti 30 a dunƙule rage hauhawar sukari, bambancin kuma ya fi fitowa bayan abincin dare. Mu kuwa da dare muke cin tuwo mafi nauyi, mu miƙe a tabarma. Magidanci ya ci tuwonsa bayan magariba, ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa don isha'i, ya dawo a ƙafa, ya samu minti ashirin ba tare da ya sayi komai ba. Abin da ake nema a mako minti 150 ne, a rarraba, kada a yi kwana biyu a jere a wuce ba motsi. Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara biyar duk mako.

Hajiya kuma kada ta ce ai aikin gida ya isa, ko ba ta da wurin fita. Yanka alayyafo a zaune ba ya cikin lissafi, daka da jan ruwa a rijiya da sharar tsakar gida da sauri suna ciki. Zagayen tsakar gida minti goma bayan abinci tafiya ce. A ƙara da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu ko uku a mako, wanda kusan kowa ke mantawa da shi alhali tsoka ce babbar ma'ajiyar sukari: a zauna a kujera a miƙe ba tare da dafa hannu ba sau 10, a dafa bango a tura sau 10, a ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu sau 10, a huta, a maimaita zagaye biyu ko uku, kuma kada a riƙe numfashi.

Sauran ƙananan kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Zaman kwana shida sannan a ɓarke da ƙwallon awa biyu ranar Lahadi, targaɗe kawai yake kawowa. Sakayya da lemo ko maltina bayan tafiya: kwalba mai santilita 35 tana da sukari wajen giram 37, ta mai da duk abin da rabin awa ya ƙona. Ganin sukari ya ɗan hau bayan gudu mai tsanani ba dalilin bari ba ne, hanta ce ta saki ajiyarta, zai sauka. Sukari sama da 250 tare da amai, ciwon ciki ko kasala, ba a motsa jiki don a sauke shi, asibiti ake nufa. Wanda ciwon ya taɓa masa bayan ido kada ya ɗaga kaya masu nauyi ko ya yi tsalle-tsalle sai likitan ido ya yarda. Nauyin ƙirji, ko haki da ya wuce aikin da ake yi, a tsaya, domin ciwon zuciyar mai sukari kan zo ba zafi. Tsakar ranar bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder ba lokacin tafiya ba ne, kuma a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo.

Ƙafa ita ce ake tafiyar da ita, ita ce kuma aka fi wulaƙantawa. Bayan shekaru ciwon kan kashe jijiyoyin ji, mutum ya yi tafiyar awa guda da tsakuwa ko ƙaya a takalmi bai sani ba, sai ya ga jini a safa. Sabon takalmi ya yi masa bororo, bororo ya fashe, a shafa masa toka ko man juye ko a ɗaura ganye, bayan mako uku ana maganar yanke yatsa. Silifas na roba da tafiya ba takalmi a kan yashi mai zafi ba na mai ciwon sukari ba ne. A nemi sau-ciki mai faɗin gaba da safar auduga, a saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a fara sa shi awa ɗaya a rana. A zazzage shi a lalube cikinsa da hannu kafin a sa. Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, da madubi ko a sa wani ya duba. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Da hunturu a shafa mai a dunduniya don faso, ban da tsakanin yatsu, a gwada ruwan zafi da gwiwar hannu, kuma kada a miƙa ƙafa kan kaskon garwashi. Kada a bar mai yankan farce ya fere kaushi da reza. Mai buɗaɗɗen gyambo a tafin ƙafa ya dakatar da tafiya, ya yi motsin hannu da na zaune har ya warke.

Da azumi lissafin yana canjawa. A ga likita tun cikin Sha'aban don a gyara lokacin magani da yawansa. Motsa jiki tsakanin la'asar da magariba shi ne mafi haɗari, a mai da shi bayan buɗa-baki, tarawihi ma motsi ne da ake lissafawa. Jiƙo mai sa fitsari ko zawo da sahur neman ƙishirwa ne. Soka yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma ƙa'idar da likitoci suka tsayar tare da malamai ita ce idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa ko da saura kaɗan a kira salla.

Idan tafiya da gyaran abinci suka fara aiki, alamar ita ce awon safe ya riƙa sauka kusa da 80, ko a fara jin rawar jiki kafin abincin rana. A nan mutane ke rabuwa gida biyu, wasu su bar tafiyar, wasu su jefar da ƙwayar da kansu. Abin yi shi ne a koma asibiti kafin ranar da aka ba da, a tafi da littafin awo, da kwalayen duk magungunan da ake sha, da gorar jiƙon ko ƙullin garin in akwai, a faɗi gaskiyar yawan da ake sha da lokacin. Da wannan ne likita zai san wace ƙwaya zai fara ragewa, galibi glibenclamide ko 'yan'uwansa, ya bar metformin, sannan ya sa ranar sake gwajin HbA1c bayan wata uku.